Abin da shirin gaishe-gaishe ya koya mini

Duk wanda ya yi aikin rediyo ya haddace kalmomi uku: ilimantarwa, faɗakarwa, nishaɗantarwa. Ta ukun kullum ita ce a wutsiya, kuma sau da yawa sababbin shiga ake miƙa wa ita. A ganina ita ce mafi wuya.

Wasu sun ɗauka nishaɗantarwa ba da dariya ce kawai. A bakin mutane ta fi haka faɗi. Mai shayi zai ce shirin jiya ya yi armashi, alhali ba wanda ya yi barkwanci a ciki. Tsohuwa za ta ce waƙa ta sa ta nishaɗi, ga ƙwalla a idonta, don ta tuna mata da garinsu. Mutum kan burge ka da babbar riga ka wuce abinka, amma in an ce ya ƙayatar, to ya riƙe jama'a ne har ba mai son tashi.

A shirin zaɓi sonka na gane wannan. Saƙo zai zo daga ƙauye, sunaye jere, kowa da laƙabinsa. Wani dattijo da muke aiki tare ya taɓa ce mini: "Yaro, kada ka haɗiye sunan mutum. Wanda ya aiko tun la'asar yake zaune gaban rediyo, ya tara maƙwabta." Tun daga nan nake kiran suna a tsanake, in haɗa da laƙabi da unguwa, in ɗan tsaya kafin na gaba. Wannan ɗan tsayawar ita mai saƙon yake jira.

Ba kuma rediyo ce ta kawo sana'ar ba. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, amma tun kafin nan sanƙira ya san lokacin ɗaga murya da na sassautawa, 'yan tashe kuma sun iya cusa gargaɗi cikin wasa a dararen azumi. Shi ya sa saƙon rigakafi ko na takin zamani ya fi shiga kunne in an sa shi a wasan kwaikwayo.

Abin da ke damuna yanzu shi ne masu gabatarwa da ke kwaikwayon mai i'ina ko karin harshen wani gari don a yi dariya. Dariyar za a yi, amma wanda aka kwaikwaya shi ma mai sauraro ne, kuma rediyonsa zai kashe.