Alhamis: ranar da na hana a ƙona sabara

Yau kasuwar Maigatari ke ci, don haka tun da asuba gari ya watse, masu shanu da masu awaki duk sun kama hanya. Ni kuwa gona na nufa, saboda yaran da na ɗauka sharar gona sun ce yau za su ƙarasa. Bazara ta kai maƙura. Kafin hantsi ya ɗaga rairayi ya fara gasa min ƙafa ta cikin silifa.

Na tarar sun sassabe fiye da rabi, sun tara sabara da kargo tsibi-tsibi, babbansu yana laluben ashana a aljihu. Na ce ya dakata, bana ba wuta. A baza rassan a kan ƙasa, musamman can gefen arewa inda iskar hunturu ta kwashe ƙasar sama har saiwar tsohon kara ta fito fili. Suka dubi juna, don bazawa ta fi ƙonawa wuya, sai da na yi musu ƙari a kan kuɗin aiki sannan suka sunkuya.

Muna cikin haka Baffa ya leƙo daga tasa gonar. "Kai ɗan nan, bokon ne ya hana ka ƙona shara? Tun kakanka ake ƙonawa, toka ai taki ce." Na ce, "Haka ne Baffa, amma guguwa ɗaya ce za ta kai tokar gonar wani." Na ja shi gindin wata sabara da ba a kai ga sarewa ba. Ƙasar wurin ta yi tudu, ta ɗara ta kewaye da kusan taƙi guda, duk rairayin da iska ta ɗebo nan ya tsaya. Na tona da hannu, ga ta duhu-duhu, ga ruɓaɓɓen ganye, ga ƙananan ramukan gara da ruwa ke bi ya shige. Bai musa ba. Shi da bakinsa ya ce geron da ke kusa da kututturen sabara ya fi tsayi, kowane manomi ya san wannan. Na ba shi labarin binciken da aka yi a Senegal, inda aka gano cewa saiwarta mai zurfi tana jawo ruwa daga can ƙasa cikin dare, ta sake shi kusa da sama, gero ya sha. Ya tuntsire da dariya, wai ashe ɗan ban-ruwa muke sarewa kowace shekara ba mu biya shi ko sisi.

Abin da ya fi ba ni kunya nawa ne. Shekara biyu da suka wuce na sayo dashen darbejiya 40, na yi ta jigilar ruwa a jarka a bayan mashin, awaki da gara suka bar min 6. Ita kuwa sabara ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya taɓa ba ta ruwa, mu sare ta da gatari, kafin damina ta yi nisa ta sake tohowa. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu farga. Tun wajen 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoman Maraɗi kan barin kututture ya toho a riƙa gyara shi, abin da suke kira sassaben zamani, ya bazu har Damagaram, ana ƙiyasta kimanin hekta miliyan 5. Ga shi nan ƙetaren iyaka, mu muna jiran a kawo mana dashe a leda.

Shi na gwada yau a kan kargo da magarya: kowane kututture na zaɓi toho uku ko huɗu masu ƙarfi, na datse sauran. Sabarar cikin gona an sare ta don kada ta yi wa gero inuwa, amma ta kan iyaka na bar ta a jere, ƙasa-ƙasa, tare da yaɗiyar da ta nannaɗe ta.

A ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu ƙaramin yaron ya yi ihu, muka ruga, ashe bushiya ce ta dunƙule. Ga sawun zomo, ga na fakara. Rabon da in ji kukan fakara a wajen nan har na manta. Sai dai Baffa ya faɗi maganar da ban da amsarta: inda bushiya ta sami mafaka, kububuwa ma za ta samu. Gaskiya ce. Kasuwa mai zuwa sai na sayi takalmin roba mai tsayi, yara kuma na hana su cusa hannu ƙarƙashin rassa.

Da la'asar na dawo da damin ganyen sabara, Inna ta ce a shanya mata a inuwa, ita ba ta rabuwa da garinsa saboda ciwon ciki. Yaɗiyar da na tsinko aka dafa aka yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ɗacinta bai gama fita ba amma na cinye.

Bayan magariba na hango hayaƙi daga wajen gonar Baffa, shi ya ƙona tasa. Damuwata yanzu masu neman kirare, don rassan nan da na baza in suka bushe itacen girki ne a idon kowa. Gobe bayan sallar Juma'a zan koma da fartanya in rufe su da ƙasa ko sama-sama ne.