Shekara biyu da Auduga a zafin Kano

Ban taɓa tunanin zan ajiye kare ba. Sai da ɓarayi suka haura mana katanga sau biyu a Hotoro, suka kwance batirin mota, sannan na karɓi tayin wani abokin aikina na Sabon Gari da zai koma Legas. Ya kawo mini kwikwiyo a kwali, fari sol, gashi ya rufe masa ido. Ya ce irin Lhasa Apso ne, kada in raina girmansa. Yara suka raɗa masa Auduga.

Hajiya ce ta fara magana: "Kai kuwa, kare a gidan Musulmi?" Na je wurin malaminmu. Ya ce an yi rangwame kan karen farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai da dama sun haɗa da na gadin gida, amma kada ya shiga ɗakuna ko wurin salla. Muka yi masa ɗan akurki a gindin darbejiya kusa da ƙofa, da kwanonsa daban.

Asalin irin daga yankin Tibet na ƙasar Sin yake, sunan ma daga birnin Lhasa ya samo, wanda ke kan tsaunuka sama da mita 3,600. A can ana ajiye shi a gidajen ibadar mabiya Buda don ya yi haushi idan baƙo ya shigo, kuma halin yana nan a jininsa. Auduga bai wuce kilo 7 ba, ba zai kayar da ɓarawo ba, amma kunnensa ya fi ƙarfin kowa a gidan. Ya san ƙarar kurar ɗan garuwanmu, ko kai ba ya ɗagawa. Baƙuwar ƙafa kuwa ta tsaya a bakin ƙofa da tsakar dare, sai ya tashi gidan kaf. Yana da taurin kai, tsawa ba ta sa shi yin abu, sai lallashi da ɗan nama. Kuma ba ya son wasan ƙananan yara. Ranar da autarmu ta ja masa wutsiya ya kai mata cafka, Allah ya kiyaye bai kama ba. Tun daga nan ba a barinsu su biyu.

Inda na yi kuskure shi ne gashin. Hawa biyu ne, na ciki mai laushi, na waje dogo. A daminar farko muka yi tafiyar biki, ya yi kusan mako uku ba a taje shi ba. Daga sama lafiya lau yake, amma da na sa yatsa a bayan kunnensa da hammata sai na ji gashin ya dunƙule kamar tsohuwar katifar auduga, ƙarangiya ta shige ciki. Likitan dabbobi ya aske wurin, sai ga kaska jere a fata, wasu sun ƙoshi kamar ƙwayar wake, ga gyambo yana ruwa. Ya dube ni ya ce, "Malam, irin wannan ba a ajiye shi a manta da shi." Raina ya ɓaci matuƙa, don dabbar ta daɗe tana shan wahala a hannuna ban sani ba.

Yanzu kullum bayan la'asar nake taje shi da matajin ƙarfe, daga tushe, sashe-sashe. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ana rage gashin sosai, sai dai ba ƙwal-ƙwal ba, don rana na ƙona fatar. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake rage zafi, saboda haka ruwan randa ba ya yankewa a kwanonsa, yawo kuma sai bayan asuba kafin kwalta ta ɗauki wuta. Hunturu yake so, yana ta tsalle, amma ƙura na sa idonsa ruwa, sai na riƙa goge masa da tsumma mai ɗumi ina datse gashin goshin.

Sauran miya ba a ba shi, albasa da tafarnuwa na lalata jinin kare, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa a ciki. Allurar ciwon haukan kare duk shekara ba na wasa da ita, gida ne mai yara.

Kwanaki ƙanwata ta ce in samo wa 'yarta mai shekara huɗu irinsa, wai ya yi mata kyau a hoto. Na ce a'a. Na faɗa mata yana iya kai shekara 12 zuwa 15, kuma ita da mijinta sai dare suke dawowa daga Kantin Kwari. Wa zai zauna da mataji?

Hajiya har yau ba ta taɓa shi. Amma idan ta kwana a gidanmu a watan zafi, ita ce ke leƙowa ta taga da rana ta ce wa yara, "Ku duba ko ruwan karen nan ya ƙare."