Shekara 18 ba ta sauke wa uba nauyin ciyarwa

Ranar da babban ɗana ya cika shekara 18, babansu ya aiko ƙaninsa gidanmu a Shari Mansur, nan Makka, da saƙo: yaro ya zama namiji, kuɗin wata ya ƙare. Na ƙanwarsa ma, wadda take da 16 a lokacin, ya haɗa ya tsayar. Na ce to. Na ɗauka haka doka ta ce, domin duk matan unguwa haka suke faɗa.

Shekara biyu ina ɗinki dare da rana, ina biyan haya, ina sayen littattafan jami'a. Yayana ya sha ce mini, "Ƙanwata, ki je kotu mana." Ni kuwa kunya ta hana ni. A ce uwa ta kai uban 'ya'yanta gaban alƙali? Me dangi za su ce, daga nan har Kano? Wannan kunyar ta ci mini kuɗin shekara guda cur.

Sai da ciwon baya ya kwantar da ni na yarda muka je wurin lauya. Ya buɗe dokar iyali ta Saudiyya, wadda aka fitar a 2022, ya nuna mini cewa abubuwa biyu muke haɗawa. Akwai riƙo, wanda Larabawa ke kira hadana, akwai kuma nafaƙa, wato ciyarwa. Riƙo ne yake ƙarewa a 18, kuma tun yaro na 15 ake ba shi zaɓin wanda zai zauna da shi (nawa duka ni suka zaɓa). Nafaƙa kuwa ba ta da ranar haihuwa. Ɗa namiji uba zai ciyar da shi har ya kai inda sa'o'insa ke iya neman na kansu, 'ya mace kuma har ta yi aure. Da na ji haka sai hawaye. Ashe yarinyata ba ta taɓa fita daga wuyansa ba ko na kwana ɗaya.

Na ce a rubuta ƙara da sunana. Lauyan ya girgiza kai: "Hajiya, yanzu ba ke ce mai magana a madadinsu ba." Dokar mu'amala ta 2023 ta ce mutum ya mallaki kansa idan ya cika 18 da lissafin Hijira, wanda kan riga na Miladiyya da wajen wata shida. Daga ranar zai sa hannu a yarjejeniya, ya riƙe dukiyarsa, ya kai ƙara da kansa. Tun yana 15 ma waliyyinsa na iya miƙa masa wani ɓangare na dukiyarsa ya gwada juya ta, amma wannan izini ne, ba cikakken 'yanci ba. Saboda haka ko su shigar da kansu, ko su yi mini wakala, wato su ba ni izinin tsayawa a madadinsu.

Nan ne abin ya fi yi mini nauyi. Na zaunar da su bayan isha'i. Yaron ya daɗe kansa a ƙasa, sannan ya ce, "Umma, ba zan iya tsayawa gaban Baba ina jayayya da shi ba." Ban matsa masa ba, kuma har yau ina ganin ya yi daidai. Suka yi mini wakala ta Najiz, dandalin Ma'aikatar Shari'a, ni na tsaya.

An fara tura mu sulhu, bai yiwu ba. A kotun iyali alƙali ya tambayi abu biyu: yaron yana karatu, kuma karatun na tafiya? Yarinyar ta yi aure? Muka miƙa takardar jami'a da sakamakonsa. Aka yanke kuɗin wata na su biyun.

Saura abin da na kashe a baya. Doka ta ce idan uba mai hali ya ƙi ciyarwa uwa ta ciyar, ya zama bashi a kansa, muddin ta yi da niyyar a biya ta. Sai dai ba a sauraron abin da ya wuce shekara ɗaya kafin ranar shigar da ƙara. Cikin shekara biyu, ɗaya aka lissafa mini, kuma ita ma da ƙyar, don rabin rasit ɗin na zubar. Yanzu ko na kantin magani ne cikin gwangwani nake ajiye shi.

Babansu yana biya. Ranar Juma'a yaron kan je ya gaishe shi, su ci abinci tare, ni ce kuma nake tuna masa in ya manta. Watan jiya wata maƙwabciyata ta shigo da irin saƙon da aka aiko mini, ɗanta ya cika 18. Na ce ta ɗauko mayafinta da takardun makarantarsa, muka fita a ranar.