Gabar Maxwell da Johnstone

Jiya na tsaya a bakin rafin Dryfe, kusa da garin Lokabi a kudancin Sikotland, kuma har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Gonaki ne yanzu, tumaki na kiwo, amma a nan aka yi ɓarin jini ranar 6 ga Disamba 1593.

Dangin Maxwell da na Johnstone sun daɗe ba sa ga maciji da juna. Tun 1585 mutanen Maxwell suka cinna wa Lochwood, gidan shugaban Johnstone, wuta. A ranar yaƙin Lord Maxwell ya zo da mayaƙan da suka ninka na abokan gabarsa, ga ikon sarki a hannunsa, tunda shi ke tsaron yammacin iyakar Sikotland da Ingila. Duk da haka aka fatattake su har cikin Lokabi, ana tsarga musu takobi a fuska, shi kansa bai tsira ba.

Ɗansa ne ya fi ƙona min rai. A 1608 aka shirya zaman sulhu, sai ya harbe Sir James Johnstone, shugaban dangin Johnstone, ta baya. Wallahi cin amana ne tsagwaronsa. Ya gudu Faransa, da ya dawo aka fille masa kai a Edinburgh a 1613.