Kafin ku sa rai da ƙarin ruwan cutar Dushen

Mu Hausawa muna girmama ƙarin ruwa. Marar lafiya ya je asibiti a ba shi ƙwayoyi ya dawo, sai a ce likitan bai yi komai ba. Amma da an rataya leda an soka allura a jijiya, dangi sun fara hamdala ke nan. Da wannan tunani na zo Amurka, da shi kuma na karɓi maganin da ake ɗura wa ɗana duk mako saboda Dushen, cutar gado mai cinye tsokar yara maza. Ƙannena masu ƙananan yara, da ku masu shirin aure, ga abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya gaya mini tun farko.

Cutar kan fara nuna kanta tsakanin shekara 2 zuwa 5, tana kama kusan ɗaya cikin yara maza 3,500 zuwa 5,000. Nawa da yawan faɗuwa ya fara, da tafiya a kan yatsun ƙafa. In zai tashi daga ƙasa sai ya kife, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ɗaga ƙugu, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana bin jikinsa da hannuwa har ya miƙe. Sharaɓarsa kuwa manya-manya, har ina alfahari wai na haifi ɗan ƙwallo. Ashe kitse ne yake maye gurbin tsoka. Hajiyata ta waya cewa take yi sangarta ce, zai ware, ni ma na biye mata. Duk wanda ya ga irin wannan tashi a wurin ɗansa, ya nemi gwajin jini na CK, wani sinadari da ke fita daga tsoka ya shiga jini in tana lalacewa. A wannan cuta yakan ninka na mai lafiya sau goma ko fiye.

Tsoka tana bukatar wani sinadari, distirofin, wanda yake kare ta daga yagewa in tana aiki. Umarnin haɗa shi yana cikin ƙwayar gado mai gaɓoɓi 79, jere kamar sarƙa. In wasu gaɓoɓi suka ɓace, bakin nan bai dace da bakin can ba, jiki ya daina haɗa sinadarin. Abin da ruwan nan yake yi shi ne ya sa jiki ya tsallake wata gaɓa guda domin bakunan biyu su haɗu, a samu gajeriyar sarƙa maimakon babu. Shi ya sa kowane magani yake da lambarsa. Exondys 51, wanda hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2016, gaɓa ta 51 yake tsallakewa, kuma kusan kashi 13 cikin 100 na masu cutar kaɗai ya shafa. Vyondys 53 na 2019 da Viltepso na 2020 na gaɓa ta 53 ne, Amondys 45 na 2021 na ta 45. Yaron da matsalarsa take a wani wuri, ko an ɗura masa duk leda ɗin duniya, babu abin da zai ƙaru da shi.

Ɗana ya faɗa cikin masu lamba 51. Likita ta yi mana bayani dalla-dalla, amma kunnena kalma ɗaya ya kama: akwai magani. A daren na kira gida na ce an samu waraka, aka yi sadaka. Mafi muni, na gaya wa yaron da bakina cewa zai riƙa gudu kamar sauran yara. Har yau wannan alkawari yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Gaskiyar da ban saurara ba ita ce: a gwajin da aka dogara da shi, distirofin ɗin da maganin ya samar bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ke jikin mai lafiya ba. Kwamitin masana da ke ba FDA shawara bai gamsu ba, hukumar ta amince ne ta hanyar gaggawa, da sharaɗin a ci gaba da bincike. Hukumar magunguna ta Turai kuwa ƙin amincewa ta yi a 2018. Ban ce ba ya da amfani ba, muna ci gaba da karɓa. Amma abin da ake fata shi ne rage saurin cutar, tsokar da ta riga ta tafi ba ta dawowa.

Kuma ba sau ɗaya ake yi a huta ba. Duk mako ne, minti 35 zuwa 60, ba ranar gamawa. Nas takan shafa man kashe zafi a bayan hannunsa, ta ɗaure dantse, ta yi ta ɗan bubbuga fata tana neman jijiya, shi kuma ya kau da kai yana ƙirga fitilun silin. Da jijiyoyin suka fara ɓuya sai aka dasa masa ƙaramar na'ura ƙarƙashin fatar ƙirji. Tun daga nan, zazzaɓi kaɗan sai asibiti, saboda tsoron ƙwayar cuta ta bi ta nan ta shiga jini.

Babban gangancina shi ne raina ƙwaya. Firednisolon, maganin sitiroid mai araha da ake samu a kusan kowane kantin magani, shi ne wanda aka daɗe da tabbatar da cewa yana ƙara wa yaro shekara biyu zuwa uku yana tafiya da ƙafarsa, yana kuma taimakon numfashi da ƙashin baya. Amma yana kumbura fuska, yana ƙara ƙiba, yana sa saurin fushi. Na duba yarona ya zama kamar ba shi ba, na ce tunda ga babban magani ana ɗurawa, me za a yi da ƙarami? Na tsayar da shi ban gaya wa kowa ba, mahaifiyarsa tana cewa, "Malam, a tambayi likita mana," na ƙi ji. Ba a jima ba ya kama amai, jikinsa ya saki, sai ga mu a ɗakin gaggawa. Wanda ya daɗe yana shan sitiroid, jikinsa yakan rage haɗa nasa na halitta, yanke shi farat ɗaya na iya kisa. In illarsa ta dame ku, ku koma wurin likita, akwai sauya ma'auni, akwai wasu irinsa. Haka na yi sakaci da miƙe masa agara kullum da takalmin dare, wanda ake sa masa in zai kwanta don kada agarar ta ƙage, har diddigensa ya ƙara ƙagewa.

Yanzu 'yan uwa kan kira ni daga gida: wane yana da yaro irin naka, zai sayar da gona, a turo masa ruwan. Kuɗin da kamfanin da ke yin Exondys 51 ya ambata tun farko kusan dala 300,000 ne a shekara, kuma da nauyin yaro ake auna shi, yana girma kuɗin na hawa. Mu ma inshora ke biya. Wasu kuma Elevidys suka ji, wani magani daban mai shigar wa jiki ƙwayar gadon haɗa gajeren distirofin, wanda ake ɗurawa sau ɗaya tak, aka amince da shi a 2023 a kan dala miliyan 3.2. Babban gwajinsa bai cimma ainihin ma'aunin da aka sa masa ba, kuma a 2025 samari biyu da suka riga suka daina tafiya sun rasu sakamakon gazawar hanta bayan an ɗura musu. Amsata ga mai gona kullum ɗaya ce: ya fara da gwajin ƙwayar gado ya san inda matsalar ɗansa take, ya samu likitan yara masanin jijiya da tsoka a asibitin koyarwa, a riƙa duba zuciya da numfashi duk shekara domin cutar tana taɓa tsokarsu su ma, a kai shi gashin ƙashi. In za a yi wa yaron tiyata, ko da ƙarama ce, a gaya wa mai ba da maganin barci sunan cutar, domin akwai magungunan barci masu haɗari gare shi.

Sai maganar uwa. Cutar ta ɓangarenta take bi, kuma na ji gidajen da wannan ya zama abin gori har da saki. Kusan ɗaya cikin uku na yaran ma ba gadonta suka yi ba, a kansu sauyin ya fara. Inda uwa take ɗauke da ita kuwa, ba ta sani ba, ba ta zaɓa ba, kuma ita ma zuciyarta na bukatar dubawa. A gwada ta, domin in tana ɗauke da ita, kowane ɗa namiji da za ta haifa yiwuwar ya gaji cutar rabi da rabi ce. 'Yan uwanta mata da 'ya'yanta mata su ma a ba su damar gwaji kafin aure.