Wasiƙa daga bakin tekun Sikotilan: na ga wuri

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina gaishe ku daga can ƙurewar arewacin Sikotilan, da fatan kowa yana lafiya.

Tun da na zo nan nake zuwa bakin teku da kyamara, ina ɗaukar hoton abin da ruwa ya zubar ya tafi. Sau biyu a rana teku yake cika ya janye, kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kullum, don haka sai na duba jadawali kafin in fita. Idan ya janye, za ka tarar da ciyawar ruwa mai kauri kamar dorina ta nannaɗe ɓawon ƙaguwa, ga gashin tsuntsu manne a jikin dutse, ga guntun kwalba da ruwa ya goge har ya daina yanka.

Ƙa'idata ɗaya ce: ba na taɓa komai. Da farko nakan jera su da hannuna, sai hoton ya fito kamar tiren mai talla. Yadda ruwa ya ajiye su ya fi kyau nesa ba kusa ba. Rana mai ƙarfi ma ba ta taimaka, ƙyalli take sa wa jiƙaƙƙen dutse, launi ya ɓace. Ranar da gari ya yi lumshi ita ce tawa. Sai in durƙusa har gwiwa ta jiƙe, in kauce kada inuwata ta faɗa a kai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani kusa da ƙauyen John o' Groats, inda ake hango tsibiran Okni. A cikin tarin ɓaraguzan kwanso, sai ga wuri! Ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar wake ba, bayansa da zane-zane kamar kitso, launinsa ja-ja mai haske. Mutanen wurin suna kiransa groatie buckie, suna kuma cewa wanda ya ajiye shi a jaka ba zai rasa kuɗi ba. Jikina ya yi sanyi, domin a harshenmu jam'in wuri shi ne kuɗi. Namu na dā ya fi wannan girma da santsi, kuma daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya fatake suka riƙa kawo shi. Da shi ake ciniki a Kano lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso a 1851. Na ƙarshe da na gani a gida yana ɗinke ne a jikin ƙwaryar kakata.

Na fi rabin sa'a a durƙushe. Na ɗauki hotonsa yana kwance a gefen wata baƙar ciyawa, da ɗigon ruwa a bakinsa. Ban ankara ba sai na ji sanyi ya ratsa takalmina, ashe teku ya juyo. Na tashi na bar shi a inda na same shi.

Wanda yake da tsohon wuri a gida, don Allah ya ɗauki hotonsa a tafin hannu ya aiko mini, ina so in haɗa su wuri ɗaya in gani. A gaida mutanen gida.