Jinin da ya ƙi daskarewa

Da ƙafarsa Baba ya shigo asibitinmu a Jos, kwana biyu bayan kububuwa ta sare shi a gonarsa can wajen Shendam. Ɗansa ne ya matsa masa. Ƙafar ta kumbura, amma yana ta hira, har ya ce mini, "'Yata, ki ba ni maganin zafi kawai in koma, dawa na jiran yanka."

Na ce, "Baba, buɗe baki in gani." Dasashinsa na tsatstsafo da jini. Tsagar da aka yi masa da reza a gida ma ba ta daina zuba ba.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne kwalba. Masu aikin dare sun yi gwajin minti 20, wato a ɗebi jinin mutum a ajiye na minti 20 a ga ko zai daskare, amma a mazubin roba suka yi. A roba ko jinin lafiyayye yana iya ƙin daskarewa, domin gilashi ne ke tayar da aikin. Sai sakamakon ya zama ba abin dogaro ba, ga allurar kashe dafi da tsada, aka yi ta jan ƙafa har gari ya waye. Saboda kwalba!

Na samo sabuwa ta gilashi, busasshiya, wadda sabulu bai taɓa ba. Na zuba jini mililita 2, na ajiye ban girgiza ba. Da lokaci ya cika na karkata ta, jinin ya gangaro kamar zoɓo.

Dafin kububuwa ba tsinka jini yake yi kai tsaye ba. Tunzura shi yake ya yi ta daskarewa barkatai, har fibirinojin, sinadarin daskarar da jini da hanta ke sarrafawa, ya ƙare. Lafiyayye yana da giram 2 zuwa 4 a kowace litar ruwan jini, kuma daga shi ake samun zaren fibirin mai toshe rauni. In ya ƙare, mutum na zaune yana dariya jini zai iya ɓalle masa a ƙwaƙwalwa. Ba banza ake kiranta gobe-da-nisa ba.

Bayan allura sai a jira awa 6 kafin a sake gwaji, hanta ta samu ta mayar da abin da aka cinye. Na Baba sai da aka ƙara masa allura kafin na ga guda ya tsaya a gindin kwalba. Alhamdu lillahi.

Yanzu kwalaben gilashi a aljihun teburina suke, kuma duk sabuwar ma'aikaciyar da aka turo ɗakinmu sai na sa ta yi gwajin a gabana kafin in bar mata aikin dare.